Munduwa a Majigi

Safara'u ba ta shimfiɗa wa Maikano tabarma ba. Saurayin nata ya tsaya a zaure yana gyara hula.

"Lokacin tashin alhazai, ina ka ce mini ka tafi?" ta tambaye shi.

"Doguwa mana, jinyar Kawu."

Ta zuba masa ido har sai da ya kau da kai.

"Jiya an yi majigi a ƙofar gidan hakimi. An nuna filin jirgin Kano. Duk Bebeji na kallon jirgi, ni kuwa ina kallonka, kana riƙe wa wata budurwa akwati, bakinka har kunne."

"Haba Safara'u, ai mutum kan yi kama da mutum."

"Munduwar azurfar da na gani a hannun budurwar lokacin da ta ɗaga maka hannu fa? Ta marigayiya Innata ce. Ni na ba ka, ka ce za ka adana ta har ranar ɗaurin aurenmu."

Ya cire hularsa, ya sake sawa.

"Da jirgin ya tashi kowa ya yi tafi," ta ce. "Ni ma na tafa, don kada a gane."

Ta juya ta shige gida.