Ranar da Girki Ya Ƙone

Tana tsakiyar karatu hayaƙi ya turnuƙe ɗakin girkin.

Ita ce autar marigayi mai shirin tarihi, mutumin da in ya buɗe baki a rediyo har masu faɗa a bakin famfo sai sun tsagaita. Gobe gidan rediyon zai gwada ta a kujerarsa, in ta gaza a rufe shirin. Shi ya sa ta tsare uwarta da labarin wata tsohuwar daula.

Maimakon salati, sai tsohuwa ta yar da ludayi ta hau taka rawa, da ciwon gwiwarta da komai!

"Mama, girkinki ya ƙone fa!"

"Bar shi ya zama gawayi, 'yar nan! Kin ɗauka masu ba ubanki lambar yabo ne alƙalansa? Nan yake tsayawa ya karanta mini. In abinci ya sauka lafiya, ya san labarin bai ɗauke mini hankali ba, yaga takardun yake yi yana ƙunƙuni."

Tsohuwa ta leƙa tukunyar, ta share ƙwalla tana dariya.

"Kai! Ko ubanki bai taɓa huda mini tukunya ba!"