Kwandon da Ya Ƙi Haihuwa Sai da Aka Rufe Shi da Ƙasa

Ɗan'uwa, kafin ka yanke ƙauna da mutum, saurari wannan. An yi wata mata da mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya huɗu, ba gona, sai wani ɗakin ƙasa mai sanyi a bayan gida. Ta koyi noman naman kaza, wato laimar kwaɗi irin wadda ake ci, ta jera kwanduna uku a ɗakin. Na farko ta cika shi da tattakar shinkafa, na biyu da dusar katako. Na uku kuwa ta fi shan wahalarsa: kashin doki da karan dawa, kwana ashirin tana juyawa da fartanya har ya ruɓe ya daina wari, sannan ta zuba masa wani iri dabam. Biyun farko ba su ba ta wuya ba, suka toho ta kowace kafa, ta tsinka ta kai kasuwa. Na ukun ya yi fari fat da wata saƙa kamar ta gizo-gizo, ya tsaya nan. Ta yayyafa ruwa, shiru. Ta buɗe taga, shiru. Ta ɗauko shi za ta juye a bola, hawaye na zuba.

A ƙofar gida ta gamu da wani tsohon mai lambu. Ya tura yatsa cikin takin, ya shinshina, ya ce, "'Yata, da ransa. Tsirara kika bar shi. Wannan ba ya haihuwa sai ya ji nauyin ƙasa a kansa." Ta ɗebo baƙar ƙasar fadama, ta turara ta a tukunya don ƙwari su mutu, ta lulluɓe kwandon da ita kaurin yatsa biyu, zuciyarta na ce mata binne shi take yi. A rana ta goma sha biyu ta tura ƙofar ɗakin da hantsi, sai ta ga ƙasar ta tsattsage. Kawuna farare kamar ƙwan kurciya sun ɗago ta, wani bisa wani, har ta rasa inda za ta sa yatsa. Ta durƙusa, bakinta ba ya faɗin komai sai "Subhanallahi". Sau uku ta girbe kwandon nan, kuma shi kaɗai ya fi sauran biyun auki.

Shi ya sa Hausawa suka ce: kowane gauta ja ne, sai dai in bai sha rana ba.