Inda Shabbir Ya Tsaya

"Taɓa min nan, Nasreen," na ce wa 'yata, na miƙa mata wayata.

Kafin mijina Shabbir ya rasu, kullum bayan la'asar yakan karanta min littafin soyayya a wayarsa, tunda karatuna bai yi nisa ba. Yana kwance a asibiti ya turo min mahaɗin shafin da muka tsaya, wai Nasreen ta ƙarasa min. Burina in ji ko makanikin cikin labarin ya auri masoyiyarsa Gulnaz.

Shafin ya buɗe. Nasreen ta duba shi sama da ƙasa.

"Ammi, littafin gyaran injin ban-ruwa ne."

"Gulnaz fa?"

"Ko mace ɗaya babu a ciki."

Tsohon maƙaryaci! Da kansa yake ƙirƙiro labarin. Ashe shi ya sa Gulnaz take ƙona gurasar chapati kamar ni.