Layi Ɗaya a Shafin Rayyis Dandarawi

An sake cire layin.

Shazli ya ture kofin shayinsa, ya ƙura wa wayar ido a shagon shayi na bakin tashar Kus, a kudancin Masar. Shafin mahaifinsa yana nan a kundin sani na intanet, wanda kowa ke iya gyarawa. Ga hoton marigayi Rayyis Dandarawi da rawaninsa, rungume da rababa, gogen Masar, ga shekarar haihuwa da ta rasuwa. Abin da babu shi ne jimlar da aka gina shafin dominta: "Shi ya ƙirƙiri dukkan waƙoƙinsa da kansa."

Wanda ya cire ta bai canza ba, wani mai gyara ne da ke kiran kansa Baƙon Kudu. Dalilinsa ma bai canza ba: "Babu hujja."

Ba don ado Shazli yake wannan wahala ba. Tun da aka yi sadakar arba'in, makaɗan mahaifinsa suka fara sulalewa wajen Bastawi, tsohon abokin hamayyar gidan. Sai ga wata Madam Suhair daga Alƙahira, mai shirya babban bikin kiɗan gargajiya, ta ce za ta ɗauki ƙungiya ɗaya daga Kudu, amma mai waƙoƙin kanta, ba mai maimaita na mutane ba. Ranar Alhamis za ta duba abin da aka rubuta a kan kowa. In ta ɗauke su, ƙungiyar ta rayu. In ba haka ba, Shazli ya koma tura kurar rake.

Dokar kundin ta hana mutum rubutu a kan danginsa. Wannan bai dami Shazli ba. Mutumin da ya taɓa sa ladanin unguwa ya fito neman jaki a kan rufin masallaci, doka ce za ta tsayar da shi? Ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, ya bar uwarsa, malamar firamare, da jin kunyar abokan aikinta, amma a kundin sunansa Dakta Fu'ad, masanin kiɗa daga Iskandariya.

Dakta Fu'ad ya mayar da layin. Kafin shayi ya huce, Baƙon Kudu ya cire, ya bar saƙo: "Kai ɗansa ne. Bari."

Shazli ya ɗago kai daga wayar. Wa ya san shi haka? Ya miƙe ya nufi teburin Bastawi, wanda ke zuƙar shisha tare da makaɗa biyu da jiya-jiya suke cin burodin gidan Rayyis.

"Kawu Bastawi, ka ji tsoron Allah, ka bar mamaci ya huta."

"Ni? Yaro, wayata ko hoto ba ta ɗauka. Ubanka ma da yatsa yake sa hannu a takarda. Yau kuma ya zama malamin littafi?"

Aka tuntsire da dariya. Shazli ya fice daga shagon.

Ya gwada duk dabarar da ya sani. Ya buɗe sabbin sunaye uku, suka goyi bayan Dakta Fu'ad da murya ɗaya, aka gano su aka rufe. Ya hau jirgin ƙasa zuwa birnin Kena neman tsohuwar jarida, ya samo guda, amma cewa kawai ta yi Rayyis "ya rera". Ya zazzage akwatin kaset na gidan, bai ga sunan marubuci a jikin ko ɗaya ba.

Mahaifiyarsa tana tsakar gida tana jera kwaɓin burodi a rana, tana ƙunƙunin wani baiti. Umm Shazli, wato Maman Shazli, kowa ke kiranta. A Kus ba a faɗar sunan matar mutum a gaban maza, ko a katin biki sai dai a rubuta "iyalinsa".

"Umma, ba ki taɓa ganin inda Baba ya ajiye wani abu a kan waƙoƙin nan ba?"

"Ubanka murya Allah ya ba shi, ɗana," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ka rubuta haka, ai ba ƙaramin abu ba ne."

"Murya ba za ta kai mu Alƙahira ba!"

Ta share hannu a jikin rigarta, ta ɗauki wayar da ƙanwarsa ta aiko mata daga Kuwait, ta shige ɗaki.

Ranar Laraba wani jan akwati ya bayyana a saman shafin: masu gyara sun fara shawarar share shi gaba ɗaya saboda rigimar ta yi yawa. Da azahar mai busa algaitar mahaifinsa, na ƙarshe da ya rage, ya aiko cewa zai jira zuwa gobe kawai.

Shazli ya hau soro ya zauna kusa da akurkin tantabaru. Ƙarya ta ƙare masa, abin da bai taɓa faruwa ba. Ya rubuta wa Baƙon Kudu:

"Na yarda, ni ɗansa ne, babu wani Dakta. Don Allah ka bar mini layin nan kwana ɗaya tak. Waƙoƙin gidanmu ne, a gabana aka fara rera su, ba a taɓa jin su a bakin kowa ba. In ba Baba ya ƙirƙire su ba, wa ya yi? Me ya sa ka fi ni tabbaci?"

Ya tura. Ya kifa kai a gwiwa.

Wayar ta motsa a hannunsa.

"Domin ni na ƙirƙire su, tun kana goye a bayana. Ka sa sunana in kana da ƙarfin hali: Nafisa Abdul-Radi. Yanzu sauko, abincinka yana hucewa."