Takalma a Bakin Ƙofa

Sai da gwiwarsa ta taɓa kafet ya lura ofishin ya yi tsit.

Shekara biyu yana karatun digiri na biyu a Madina, alawus ɗin ɗalibta ba ya kai shi ƙarshen wata, ga matarsa da cikin wata takwas a ɗaki ɗaya a unguwar Jurf. Da jami'a ta ba shi izinin neman horon aiki mai albashi a wani kamfanin tace ruwa, sai ya tarar gurbi ɗaya ne tak, masu nema goma sha ɗaya. Sunan da ya gani a ƙofar manaja ne ya sanyaya masa rai: suna ne da sai Bahaushe zai gane mai shi jinin Hausawa ne, jikan alhazan da suka zo suka zauna. Shi ya sa ya tuɓe takalma a bakin ƙofa, ya durƙusa kamar a gaban kawunsa.

"Baba, ina kwana? Mun same ku lafiya?"

Larabawa biyun da ke gefen manajan suka kalli juna, ɗaya ya danne dariya. Manajan bai ko ɗago kai ba. Da Larabci ya ce masa ya tashi, da Larabci ya yi masa tambaya uku, ya rufe fayil, ya ce gurbin ya cika.

Yana saka takalmansa a waje sai ga manajan ya fito, ya tsaya kusa da shi kamar mai duba waya. Da Hausa tsantsa, murya ƙasa-ƙasa, ya ce:

"Ɗana, shekara ashirin na yi kafin su manta asalina. Kai kuma da gaisuwa ɗaya ka tuna musu."