Ƙafar Baba da Takalmin Ɗan Tafinta

Har yau in na ji ƙanshin man kaɗanya, yammacin nan nake tunawa. Zamanin Faransawa ne, Baba yana buga gaba a ƙwallon Matamaye, ƙafa ba takalmi. Ranar shi ya yi ta zura wa 'yan Kance ƙwallo. Kumandan, Baturen da ke mulkin yankin, bai iso ba sai da aka tashi. Ya ce a nuna masa gwanin, zai kai shi Damagaram ya riƙa bugawa. Tafinta ya nuna ɗansa, mai takalmi.

Baba ya zauna a zaure, ina shafa masa man a babban yatsansa da ya tsage a wasan. Na ce, "Baba, ka je ka faɗa masa mana!"

Ya ce, "Da bakin wa, Uwata? Bature da kunnen tafinta yake ji."

Baba ya rasu yana manomi. Ɗan tafinta kuwa ya tsufa ana yi masa kirari. Duk inda na tarar yana ba yara labarin ranar, sai in ja in tsaya in ce, "Alhaji, in kai ne gwanin, cire takalmin su ga tabon yatsan."

Bai taɓa cirewa ba. Ni ma ban taɓa fasawa ba.