Tambayar Ƙarshe a Ɗakin Mai Guga

Ke kam bakinki ba shi da linzami. Ki rasa abin tambayar tsohuwa sai yadda ake gane mai shirin kashe kansa? Malaman da suka ba ki wannan aiki, su ba su da kakanni ne? To gyara zama, ke da ƙannenki, sau ɗaya zan faɗa.

An yi wata mai wanki da guga a ƙarshen wani lungu. Ɗakinta ɗaya, tagarsa ɗaya, ita ma bangon maƙwabta take kallo. Tun da mijinta ya rasu ba ta leƙa waje sai in shanya za ta yi. Maƙwabta suka fara ƙus-ƙus, wai matar nan ta gaji da duniya.

A lokacin ne masu bincike suka shigo unguwar da takardu. Sun bi direbobi, sun bi ɗalibai, sun bi 'yan kasuwa, suna son sanin su wa wannan tunani ya fi kamawa da yadda za a tare shi. Aka nuna wa ɗayarsu ƙofar mai guga.

Budurwa ce siririya da jaka a kafaɗa. Ta zauna a bakin gado don babu kujera, ta fara da ƙa'idar aikinsu: amsa sirri ce, amma duk wanda ya ce eh a tambayar ƙarshe ba a barinsa shi kaɗai. Dole mai tambaya ta kira likitarsu, ta zauna har likita ta iso.

Mai guga ba ta ajiye gugarta ba. Tana barci? Lafiya lau. Tana cin abinci? Lafiya lau. Tana jin ta zame wa mutane kaya? Ta ce kayan mutane dai ga su nan tuli a gabanta. Budurwar ba ta ko murmusa ba. Ba ta duba takarda, bango take kallo, alƙalaminta kuma yakan riga amsa sauka.

Zafin dutsen guga ya cika ɗakin. Budurwar ta ce nan ne gidanta na ƙarshe, ta gama. Ta ciro lema daga jaka ta ajiye a kan gado, wai Iya ta riƙe, ita ba ta da sauran yawo. Ta ce in ta takura mata, ta yafe mata, ta yafe mata duka. Sannan ta karanto tambayar ƙarshe, ko ta taɓa tunanin raba kanta da duniya.

Mai guga ta kife dutsen.

"Eh."

"Kwanan nan, Iya?"

"Yau ɗin nan."

Budurwar ta dubi ƙofa. Ta ce bari ta kirawo maƙwabciya ta zauna da ita, akwai inda za ta je.

"Ke kika faɗi dokar, 'yar nan, ba ni ba," in ji mai guga. Ta jawo kwandon wanki ta tare ƙofa da shi, ta zauna a kai.

Dole budurwar ta buga waya. Likita na can wata unguwa, sai bayan awa uku. Mai guga ta miƙa wa budurwar bakin zanen gado, ita ta riƙe ɗaya bakin, suka yi ta ninki. In sun gama mai guga ta warware, wai bai yi daidai ba. Sau biyu budurwar na roƙon ta fita shan iska, sau biyu ana nuna mata taga. A zane na tara hawayen budurwar suka fara ɗiga a kan wankin mutane. Mai guga ba ta saki bakin zanen ba.

Da yamma likita ta ƙwanƙwasa. Aka janye kwando, ta shigo, ta durƙusa gaban mai guga tana tambayarta me take ji.

"Ni baƙin ciki ne kawai, irin na kowa, zan ci in sha da shi. Ga wadda na riƙe miki nan."

To, kin ji. Je ki rubuta wa malamanku cewa a riƙa duban mai tambayar ma. Maza ku tashi ku kwanta, kuma a hankali da ƙofa, uwarku ta yi barci, ni kuwa ban tsare ta awa uku a kan kwando don ku zo ku hana ta hutawa ba.